Kafin ka biya kuɗin faranta haƙora, san abin da ya ɓata launinsu

Dafewar haƙori iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai dattin da ke zama a jikin haƙori daga waje, wanda goro, shayi, kofi, sigari da taba gari ke bari. Akwai kuma launin da ke cikin naman haƙorin kansa, wanda kan zo da shekaru, ko shan maganin tetirasaikilin a yarinta, ko mutuwar jijiya bayan buguwa, ko yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha lokacin da haƙora ke tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, kuma an san wuraren da ruwansu ya zarce haka, kamar Langtang a jihar Filato da Tibiri a yankin Maraɗi. Wanda ya tashi a irin waɗannan wurare da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa a haƙoransa, ko buroshi goma ya cinye ba za su fita ba.

Mataki na farko shi ne likitan haƙori ya duba bakin, ya kankare tsatsar da ta daskare, ya goge. Masu cin goro da yawa a nan buƙatarsu ke biya, cikin ƙasa da awa ɗaya. Idan akwai kogo ko dasashi mai zubar da jini, a yi maganinsu tukuna, domin sinadarin farantawa yana shiga kogo ya taɓa jijiya, kuma zugin ba ƙarami ba ne.

Idan an wanke amma launin bai gamsar ba, sai a koma ga sinadarin feroksaid, wanda ke ratsa ɓawon haƙori ya wargaza launin da ke ciki. A asibiti ana amfani da haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 25 zuwa 40 cikin 100 a ƙasashen da doka ta yarda, bayan an rufe dasashi da kariya, a zama ɗaya na kimanin awa guda. Yana da sauri, amma ya fi kawo tsamin haƙori. Farin da za ka gani a ranar yana raguwa cikin 'yan kwanaki, saboda wani ɓangarensa bushewa ce kawai. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake ƙara wa kuɗi dominta ba ta ƙara wani abin kirki.

A ganinmu, hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce robar baki da likita ke aunawa daidai da haƙoranka. Ana ɗiga kabamaid feroksaid mai kashi 10, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da haidurojin feroksaid kashi 3.5, ɗigo kamar ƙwayar gero a gurbin kowane haƙori, a kwana da ita har mako biyu. Idan maganin ya tsiyayo kan dasashi, ka zuba da yawa ne, sai ka share rarar. Idan haƙora suka fara sarawa da ruwan sanyi, ka tsallake dare ɗaya ko biyu, ka koma man goge baki mai fotasiyam naitiret, wanda ya fi kyau ma a fara shi mako biyu kafin aikin. Dafewar tetirasaikilin tana da taurin kai, takan ci wata uku zuwa shida.

Ciko, hular haƙori da haƙorin roba ba sa canza launi. Don haka a fara farantawa, a jira mako biyu, sannan a sake cikon haƙoran gaba ya dace da sabon launin. Idan an yi gaggawa, iskar oksijin da ta rage a haƙorin tana hana cikon kamawa sosai.

Haƙori guda da ya yi duhu bayan faɗuwa, daga ciki ake faranta shi, bayan an yi aikin jijiya. Ɗigon fulorayid marar zurfi kuwa, likita kan shafe samansa kaɗan da asid mai rauni da gari mai laushi. Ɓawon tangaran da ake manna wa fuskar haƙori ya zama zaɓin ƙarshe: ana fefe kusan rabin milimita na ɓawon asali, wanda ba ya sake tsirowa, kuma sai an sauya shi bayan shekara 10 zuwa 15.

A guji gawayi, toka da lemun tsami. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauko ƙasa da 5.5, shi kuwa lemun tsami yana wajen 2. Da ɓawon ya siraɗe, naman ciki mai ruwan ɗorawa ne zai bayyana, haƙorin ya fi da dafewa. Mai ciki da mai shayarwa su dakata da faranta haƙora, haka ma wanda bai kai shekara 18 ba.

Farin yakan daɗe daga wata shida zuwa shekara biyu ko uku, gwargwadon yawan goro da shayinka. Ka riƙa kurkure baki da ruwa bayan kowannensu, ka riƙe asuwaki da buroshi, ka kuma adana robar bakinka, domin dare biyu ko uku da ita a shekara kan isa a maido da launin.