Kurakuran da aka fi yi wajen dasa wa E. coli ƙwayoyin gadon enzayim masu sarrafa sukari

Abin da masu sabon hannu suka fi mantawa shi ne, bakteriyar E. coli ɗin da ake dasa wa ƙwayar gadon ita ma macin sukari ce, tana da nata enzayim. Galibin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Mutum zai saka ƙwayar gadon beta-galactosidase, enzayim mai fasa sukarin madara, a cikin nau'in E. coli mai suna BL21(DE3), ya zuba IPTG, sinadarin da ke tayar da ƙwayar gadon, ya gwada da ONPG, wanda ke canza launi idan enzayim ɗin ya fasa shi, ruwan ya koma ɗorawa, sai murna. Alhali BL21 tana da nata lacZ, wato ƙwayar gadon wannan enzayim ɗin, kuma IPTG ɗin nan ya tashe shi. Maganin shi ne a riƙa tafiya da bakteriya mai ɗauke da filasmid fanko, wato zoben DNA ɗin da ake dashen da shi amma babu ƙwayar gadon a ciki, a yi mata duk abin da aka yi wa ɗayar. In da hali, a tace furotin ɗin kafin awo. Sakamakon da ba shi da wannan abokin gwaji, ni dai ba na yarda da shi.

Gulukos ma yana yaudara ta hanya biyu. Yana danne furomotar lac, wato makunnin ƙwayar gadon, sai a zaci dashen bai kama ba. Sannan gwajin sukari na DNS, wanda ake karantawa a 540 nm, ba ya bambance gulukos ɗin da enzayim ya samar da wanda ya rage a ruwan reno. A wanke ƙwayoyin bakteriyar da bafa, ruwan da ke daidaita pH, kafin a fasa su.

Wani lokaci kuma farantin reno ya wayi gari wayam, a ɗora wa ligase, enzayim mai haɗa guntayen DNA, laifi, alhali abin da enzayim ɗin ke samarwa ne guba. Misali, enzayim levansucrase na bakteriyar Bacillus subtilis, wanda ake samarwa daga ƙwayar gadon sacB, yana kashe E. coli idan akwai sukuros, kuma 'yan tsirarun da suka tsira sau da yawa ƙwayar gadon ce ta lalace a cikinsu. A cire sukarin daga abincin reno.

Tun a kwamfuta a duba ko enzayim ɗin yanka DNA yana da wurin yanka a tsakiyar ƙwayar gadon. DNA ɗin bakteriyar Streptomyces, mai haruffan G da C kusan kashi 70 cikin 100, yakan ƙi PCR, wato hanyar kwafar DNA, sai an ƙara sinadarin DMSO kashi 3 zuwa 5. Wajen zaɓar enzayim ɗin kwafar, a bar Taq, domin ba ta gyara kuskurenta, a ɗauki Pfu ko makamanciyarta, sannan a karanta jerin DNA ɗin da hanyar Sanger.

In furotin ya dunƙule ya ƙi narkewa a digiri 37, a sauko zuwa 18, a rage IPTG zuwa 0.1 mM, a bar shi ya kwana.