Kurakuran da masu yawo su kaɗai ke yi a tsaunukan kudancin Peru

Abin da ya fi kayar da matafiyi a kudancin Peru shi ne tudu. Lima, babban birnin ƙasar, tana bakin teku, Cusco tana kan mita 3,400, Puno kuwa, a gaɓar tafkin Titicaca, ta haura 3,800. Jos da muke ganin tana sama, tsayinta wajen mita 1,200 ne kawai. Duk da haka mutane da dama sukan sauka Lima su kama bas mai wuni da kwana a hanya, fiye da awa 20, ya dire su Cusco kai tsaye. Washegari sai ciwon kai, tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa, hawa bene ɗaya ma sai an tsaya an huta. 'Yan ƙasar suna ce masa soroche, kuma ƙarancin iskar oksijin ne ke kawo shi.

Gyaran yana cikin tsarin hanya. Ka bi gefen teku ta Paracas da Ica da Nazca, ka isa Arequipa mai tsayin mita 2,335, ka yi kwana biyu ko uku jikinka ya saba, sannan ka nufi kwarin Colca, Puno, Cusco. Ka sha ruwa sosai, ka rage cin abinci mai nauyi, kada ka hau dutse ranar da ka iso. Kafin ka bar gida ka tambayi likita game da ƙwayar acetazolamide, maganin da ake sha don soroche. Masaukai suna ba da shayin ganyen coca, ganyen da ake samun hodar iblis daga gare shi, amma kada ka kuskura ka zuba ganyen a jaka ka fita da shi daga ƙasar, a yawancin ƙasashe laifi ne. Tunda kai kaɗai ne, ba mai lura da kai cikin dare, don haka ka gaya wa mai masauki halin da kake ciki. In numfashi yana maka wuya ko kana kwance, ko tari ya tsananta, ko ka fara tangaɗi, a kai ka asibiti a daren, kuma ka sauko ƙasa-ƙasa.

Kwarin Colca ma ana yi masa gaggawa. Yawon wuni ɗaya yakan tashi daga Arequipa wajen ƙarfe uku na dare, ya ratsa mashigar dutse ta Patapampa mai tsayin mita 4,910, a tsaya a Cruz del Cóndor a ga manyan ungulayen tsaunukan Andes suna shawagi da hantsi, a juyo. Rabin ranar a kujerar mota take ƙarewa. A ganina ya fi kyau ka hau bas zuwa Cabanaconde ka kwana. Daga nan ake gangarawa Sangalle, dausayin da ke ƙasan kwarin. Gangarar ce ke yaudarar mutane, domin dawowar hawa ne na fiye da mita 1,000 a hanya mai lanƙwasa, ba inuwa, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin takalmi. Ka tashi kafin asuba da tocila da isasshen ruwa. In ƙafa ta gaza akwai alfadarai na haya, ka shirya da mai masauki tun dare. Kuɗin hannu kuma ka ciro su tun daga Arequipa, ƙauyukan kwarin ba wurin dogaro da kati ba ne.

Sai neman bas mafi araha don tafiyar dare. Hanyoyin dutse ne masu kwana-kwana, nan ba wurin tsimi ba ne. Manyan kamfanoni irin Cruz del Sur da Oltursa sun fi tsada, amma ba sa tsaye-tsaye suna kwasar fasinja a hanya. A bas mai hawa biyu ka nemi kujerar da suke kira cama a hawan ƙasa, ta fi kwanciya kuma jijjigar ba ta kai ta sama ba. Fasfo ya kasance a hannu lokacin shiga, kuma a tashoshin Arequipa da Puno da Cusco ana biyan 'yan kuɗin tasha a wani kanti dabam kafin a bar ka ka wuce. Babbar jaka ta shiga but, ka karɓi lambarta. Ƙaramar jakar da ke da fasfo, waya da kuɗi ta zauna a cinyarka, kada ka ɗora ta sama. Rigar sanyi ma ka shigo da ita, daren tudu yana da sanyi mai ratsa ƙashi, musamman a Yuni da Yuli.

Kada ka matse kwanakinka. Daga Disamba zuwa Maris damina ce, zaftarewar ƙasa takan toshe hanya, masu zanga-zanga ma sukan tare ta, kamar yadda aka yi a yankin Puno a farkon 2023. Ka koma Lima aƙalla kwana ɗaya kafin jirginka.

Musulmi ya kula da abinci. Adobo da ake ci a Arequipa ranar Lahadi da safe naman alade ne, haka ma yawancin chicharrón, don haka ka riƙa cewa sin chancho, wato ban da alade. Chicha morada ruwan masara ne mai zaƙi, chicha de jora kuwa an bar ta ta yi tsami, giya ce. A Puno ka nemi trucha, kifin tafkin, soyayye da dankali.