Yadda za ka haɗa faci da Git ka aika wa masu manhaja

'Yan'uwa masu koyon rubuta manhaja, daga Kawo har Barnawa, kun sha tambayata yadda ake gyara kuskure a buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin rubutunta, a aika gyaran. Git manhaja ce mai adana tarihin canje-canjen da ake yi wa aiki, faci kuwa fayil ne mai ɗauke da gyaranka. Ga shi a jere.

1. Sauko da ma'ajiyar aikin zuwa kwamfutarka: git clone, sai adireshinta.

2. Buɗe sabon reshe, wato layin aiki naka daban inda za ka yi gyaran: git switch -c gyaran-kwanan-wata

Hattara, kada ka taɓa reshen main, wato babban reshen aikin. Wani ƙanena ya yi gyara a kansa, muka kai sha biyun dare a Unguwar Rimi muna warwarewa.

3. Gyara matsala ɗaya tak. Ta biyu ta jira nata facin.

4. Duba abin da ka canza: git diff

5. Zaɓi fayil ɗin da sunansa: git add, sai sunan.

A nan aka fi yin ɓarna. Idan ka sa ɗigo maimakon suna, zai iya kwashe har fayil ɗin da kalmar sirrinka take ciki.

6. Adana gyaran: git commit. Layin farko na bayanin da za ka rubuta ya zama gajere, kamar haruffa 50, ƙasa kuma ka faɗi dalilin gyaran.

7. Jawo sabon aikin da wasu suka ƙara: git pull --rebase origin main

8. Gwada manhajar, ka tabbatar tana aiki.

9. Fitar da facin: git format-patch origin/main. Za ka ga fayil mai farawa da 0001.

10. Aika fayil ɗin yadda masu kula da aikin suka tsara.

Don Allah kada ka kwafe rubutun ka liƙa a WhatsApp. Tazarar layuka takan lalace, git am, umarnin da masu aikin ke shigar da faci da shi, ya ƙi karɓarsa a wurinsu.