Yadda za a raba yara da waya a watan azumi

Iyaye, ku fara da kanku, in uwa na kan TikTok tun bayan sahur to yaro ba zai ji magana ba. Ku ware lokaci, daga la'asar har a sha ruwa ba waya ba tele, a tara wayoyin cikin kwano guda a kai ɗaki.

Amma fa kar a ƙwace a bar yaro haka nan, rigima za ku sha. A ba shi aiki, wannan ya tsince wake na ƙosai, wannan ya sayo ƙanƙara, ƙaramin ya kai wa maƙwabta kunu, wallahi in ya dawo ana sa mishi albarka sai ka ga yana ta murna ya ma manta da yunwa. Masu zuwa lakwal su yi bitar karatu da safe kafin zafin Maradi ya taso.

Daga goma ga wata ku bar su su fita tashe cikin unguwa. Bayan asham kuwa sai barci, don hasken waya na hana barci da wuri, shi ya sa tashin sahur ke zama faɗa. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana yana kallo.