Daga ɗora sabon Windows sai saƙon faifai ya lalace

A shagunan gyaran kwamfuta na Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, da zarar an ɗora sabon Windows ko Ubuntu (wani nau'in Linux) kwamfuta ta fara kukan faifai, wato hard disk, yaron shago zai ce, "Oga, sai an canja shi." Sau da yawa kuwa faifan lafiyarsa ƙalau.

Kuskure mafi tsada shi ne sayen sabo ba a binciki tsohon ba. Faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa da ake kira SMART. Buɗe rahoton da manhajar CrystalDiskInfo, ko a Linux ka rubuta smartctl -a /dev/sda. Idan Reallocated Sector Count da Current Pending Sector, masu ƙirga wuraren da suka samu matsala a faifan, suna sifili, nemi matsalar a wani wuri. Idan suna hawa, kwashe fayilolinka yau ɗin nan.

Masu haɗa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya su suka fi shan wahala. Tun daga Windows 8, Fast Startup ba ya barin Windows ya mutu gaba ɗaya. Barci yake yi, ya bar ɓangaren NTFS, wato ɓangaren faifai na Windows, a riƙe. Ubuntu ya ga haka ya ƙi rubutu a kai, mai kwamfutar ya tsorata ya yi fomatin, hotunan biki su tafi a banza. Koma Windows, buɗe Command Prompt da ikon admin, rubuta powercfg /h off, ka kashe ta sosai. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wanda ba baƙo ba ne a Kaduna, shi ma yana barin alamar cewa ba a rufe faifai daidai ba. Maganinta chkdsk C: /f, a sake kunnawa, a ƙyale shi ya gama. Masu danna maɓalli don tsallake binciken gobe ma za su gan shi.

Kada a gudanar da fsck, mai binciken faifai na Linux, kan ɓangaren da ake aiki a kansa: zai nuna kurakuran ƙarya, yana iya ɓata mai kyau. Tashi kwamfutar daga filashi tukuna.

Kwamfutocin tokumbo kuma a duba agogonsu a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Batirin CR2032 mai riƙe agogon idan ya mutu kwanan wata ya koma baya, Linux ya yi ƙorafin lokaci. A duba saitin SATA a BIOS ma, wato yadda faifai ke haɗuwa da kwamfuta: sauya shi daga RAID zuwa AHCI bayan an gama ɗora Windows yana kawo shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mayar da shi yadda yake ya wadatar.