Yadda ake sa wa wuƙa ƙota

Samu busasshen itacen ƙirya ko aduwa, ka fere fallaye biyu daidai wutsiyar wuƙar. Ɗanye kam kar ka soma, hunturun Damagaram zai tsage shi.

Ɗora wutsiyar kan falle ɗaya, ka huda fallen ta cikin ramukan wutsiyar, sannan ɗayan. Goge ƙarfen da magagari ya yi kaushi, ka share maiƙo.

Kwaɓa gam mai haɗi biyu, akwai shi a Kasuwar Dole ta Damagaram, ka shafa, ka zura ƙusoshin tagulla. Ɗaure tamau da robar tayar keke, ya kwana.

Washegari yanke ƙusoshin, ka dandaƙa kawunansu sannu-sannu. Nan garaje ya taɓa fasa mini ƙota. Sai gogewa da shafa mai.