Yadda zaka gane ko kuri'a na iya taba dokar zubar da ciki

Jiya a fadarmu nan Maradi gardama ta kaure kan zancen zubar da ciki a Amurka, wani yace kuri'a ce ke yanke komi, wani yace wahalar banza ce. To jama'a ga yadda nike bin zancen nan, kowane bangare kake.

Da farko ka tambayi wa ke rike da makullin dokar. A Amurka tun 1973 Kotun Koli ce ta baiwa mata wannan hakki, kuma ita ta janye shi ranar 24 ga Yuni 2022. Alkalan nan tara ba talaka ke zabensu ba, shugaban kasa ke nada su, majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko su ajiye da kansu, Trump kadai ya nada uku. Kenan kuri'ar da aka jefa a 2016 aka zabi Trump sai bayan shekara shida ta nuna aikinta.

Sannan ka duba jiha, don yanzu kowace jiha da nata. A Kansas a Agustan 2022 an tambayi mutane kai tsaye, kusan kashi 59 cikin dari suka ce a bar hakkin yadda yake, alhali jihar 'yan Republican ce, jam'iyyar da ta fi adawa da zubar da ciki, Ohio ma haka a 2023. Amma dubi Florida a 2024, kashi 57 suka ce eh ga hakkin kuma suka fadi, saboda dokarsu 60 take bukata! Texas kuwa talakawa basu ma da hanyar kawo tambayar akwati da kansu. A majalisar dattawa ta kasa ma sai an tara 60 cikin 100 kafin irin wannan doka ta wuce, jam'iyyu biyun kuma, Republican da Democrat, kowa ya ja daga.

Sai ka dawo gida, nan ne abun ya fi damuna wallahi. Dokar lafiyar haihuwa ta Nijar ta 2006 ta yarda a cire ciki in ran uwa ko lafiyarta na cikin hadari, ko in an gano mummunar cuta a jikin dan tayin, kuma depite ne, wato 'yan majalisa, suka zauna suka yi ta. Mata nawa suka san da ita a karkara? Mace na zubar da jini an dauko ta a amalanke, mijin na tsoron abinda za'a ce, kafin a kai materniti ta galabaita.

Tun Yulin 2023 ba zabe muke ba, amma ranar da akwati ya dawo, duk dan takarar da ya zo kofar gidanku kar ku tsaya ga atamfa da sabulu. Ku tambaye shi ko ya san dokar nan, kuma me zai yi a samu jini da ungozoma a asibitin garinku cikin dare.